Sati Biyu a Ɗakin Ajiya

Ranar da aka fitar da gadon Inna daga ɗakinta, ni aka sa na riƙe ƙofa. Inna uwar mijina ce, kuma a ɗakin nan na gaba, mai taga a bakin titi, na same ta lokacin da aka kawo ni gidan. Yaya Babba, wan mijina, yana tsaye da biro a kunne yana nuna wa masu ɗauka inda za su karkata kada su goge sabon fenti. Ya ce sati biyu ne kawai.

Yaya yana da ƙungiya mai tsaya wa matan da mazajensu suka rasu, waɗanda dangin miji ke kora daga gida. Ba zan zalunce shi ba, aiki yake yi na gaske. Mata goma sha ɗaya ya mayar ɗakunansu, wasu da lallashi, wasu sai da aka je gaban alƙali. To sai wata gidauniya ta ba da sanarwar lambar yabo ga masu aikin zaman lafiya da kare haƙƙin jama'a a unguwanni. A cikin fom ɗin akwai layi ɗaya da ya ce dole ƙungiya ta kasance da ofis wanda ake gani daga titi, da allo mai ɗauke da sunanta. A gidanmu kuwa ɗaki ɗaya ne ke kallon titi.

Inna ba ta yi musu ba. Ta ce in dai don aikin alheri ne, ko a saman rufi a kai ta. Ta dafa sandarta ta bi gadon a baya, ɗiyata mai shekara biyu, wadda aka sa wa sunanta muke kira Takwara, tana riƙe da gefen zanenta.

Ɗakin ajiya yana can ƙarshen gida. Sai an sauka matakala uku ake shiga. Ba shi da taga, sai wani ɗan rami a sama da ko hannu ba ya wucewa. Mun ture tsohon keke da ragowar buhunan siminti gefe guda, na share, na goge, na kunna turare, amma warin danshi bai fita ba. Inna ta zauna a bakin gado ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce wa Takwara, to ƙawata, yau mun zama kaya, saura a rubuta mana lamba a goshi.

Muka yi dariya. Ni dai ina dariyar ina lissafi. Daga tsohon ɗakinta zuwa banɗaki taku biyar ne. Daga nan kuwa sai ta hau matakala uku, ta ratsa tsakar gida gaba ɗaya, ta wuce ta ƙofar sabon ofis. Gwiwoyin Inna sun daɗe da ƙin hawa.

Satin farko ni nake kama ta. Ina goye da Takwara, hannuna ɗaya a hammatarta, mu hau ɗaya, mu huta, mu hau na biyu. A na uku takan ciji leɓe. Na sayo mata fo na manya na ajiye a bayan gado. Ta kalle shi ta kalle ni, ta ce ita da takwararta ba za su yi layin abu ɗaya ba, in fitar da shi kafin ta fasa shi da sanda.

A sati na biyu Anti, matar Yaya, ta zo ta tsaya a saman matakala, ba ta sauko ba. Ta gaishe da Inna cikin ladabi, sannan ta ce akwai wata 'yar alfarma. Ƙofar ofis a buɗe take wuni, baƙi na shigowa, har da 'yan jarida, ba daɗi a riƙa ganin tsohuwa da buta tana ratsa tsakar gida. Ko Inna za ta riƙa daidaita fitarta da safe kafin tara, sai kuma bayan biyar. Inna ta ce ba komai. Na buɗe baki, Anti ta ce da ni ai ba da ke ake ba, amarya. Shekara huɗu ina gidan, har yanzu in ana so a rufe min baki amarya ake ce min.

Sati biyu suka cika. Yaya ya shigo da takarda yana murna, an zaɓe su cikin ashirin na farko. Yanzu sai a jira masu tantancewa su zo su ga ofis da idonsu. Yaushe za su zo? Ba su faɗa ba, shi ya sa ba za a taɓa komai ba.

Ban gane abin da Inna ke yi ba sai a sati na huɗu. Kullum da safe nakan cika mata gora da ruwa, da yamma in ɗauka in wanke. Na lura gorar na dawo min da nauyinta. Na ɗaura zare a daidai inda ruwan ya tsaya. Da yamma na duba, bai sauka daga zaren ba sai kamar faɗin yatsa biyu, shi ma na haɗiyar magani ne.

Lokacin da Takwara ta yi gudawa tana wata takwas, wata ma'aikaciyar jinya ta koya min yadda ake gane jiki ya bushe. A ja fatar bayan hannu a saki, in ta koma nan take lafiya, in ta tsaya a tattare akwai matsala. Na kama hannun Inna kamar ina wasa na ja. Fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe takarda.

"Inna, ba kya shan ruwa."

"Wanda ya sha ai sai ya fita," ta ce. "Ni kuma an ba ni lokaci."

Na fara da mijina. Mai gyaran firiji ne, mutum mai sanyin hali, irin wanda in an taka shi zai ba da haƙuri. Yana cin abinci na faɗa masa. Ya ajiye cokali, ya ce zai yi wa Yaya magana in ya ga fuska. Na ce fuskar wa, ta Yaya ko ta Inna? Ya ce in yi haƙuri, Yaya ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ba zai iya tsayawa gabansa ya ce ya yi ba daidai ba. Washegari ya sayo wa Inna lemo da fanka ƙarama mai batir. Ta yi ta sa masa albarka. Lemon ma ba ta sha ba, Takwara ta ba wa.

Sai na je wurin Yaya da kaina. Na durƙusa daga bakin ƙofar ofis na gaishe shi. An shimfiɗa kafet, an sa tebur a daidai inda gadon Inna yake a da, a ƙusar da take rataye carbinta an rataye hoton matan nan goma sha ɗaya. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan ce bai saurara ba. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da wani zanen gini. Ɗaki ne da banɗaki a ciki, da taga biyu, da ƙarfen dafawa a bango. Ya ce da zarar lambar nan ta samu, wannan zai fara ginawa, don Inna yake duk wannan wahalar. Ya ce tsofaffi dama ba su cika son ruwa ba, in riƙa lallashinta. Ya ce Allah ya yi min albarka, ina da zuciya mai kyau, amma ina kallon abu daga kusa, shi kuwa yana hango nesa.

Na koma na wanke gora na sake cikawa.

Abin da ya fi cin Inna ma ba gwiwa ba ne. A da tagarta ba ta wuni shiru. Mai kitso za ta leƙo, mai ɗinki za ta tsaya da kayanta a ka, matan da suka yi faɗa da maƙwabta za su zo kowace ta faɗi nata, Inna ta yi wa wannan tsawa ta ba wa waccan dariya, su tafi tare. A wannan tagar Yaya ya fara jin labarin matan da ake kora, shi da kansa yake faɗa. Yanzu in sun leƙo sai su ga tebur da fom. A ce musu Inna na hutawa. Kullum in na kai mata abinci sai ta tambaya ko wani ya neme ta. Na fara shigo da mai kitso ta ƙofar baya, Anti ta ce ana tara mata a gida kamar kasuwa, idan masu tantancewa suka faɗo fa?

Sun faɗo ɗin a sati na tara, ranar Talata da hantsi. Su uku ne, da wata mata mai tabarau a gaba, da mai ɗaukar hoto. Ina kicin Anti ta shigo da gudu-gudu. Ashe a takardar da Yaya ya aika, da labarin Inna ya buɗe, yadda ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da yadda tagarta ta zama wurin sulhun unguwa. Mai tabarau ta ce ba za ta tafi ba sai ta gaishe da wannan uwa.

Cikin minti goma aka yi wa Inna abin da aka kasa yi a wata biyu. Anti da kanta ta sauka matakalar nan. Aka ɗaura mata sabon zane, aka shafa mata mai a leɓe don ya tsage. Yaya da mijina suka ɗauko ta a kujerar roba, suka ratsa tsakar gida, aka ja tebur gefe, aka ajiye ta a bakin tagarta.

Hasken ya sa ta rufe ido. Da ta buɗe sai ta fara lissafa titi. Ta ce ashe mai kayan miya ya canza laima. Ta ce wancan yaron na gidan kafinta har ya fara tafiya. Mai ɗinki tana wucewa ta hango ta, ta saki kayanta ta rugo, suka riƙe hannu ta taga. Mai hoto sai ɗauka yake yi. Inna ta juyo ta neme ni da ido.

"Uwar Takwara, ba ni ruwa."

Na kawo. Ta shanye kofi ɗaya ba ta sauke ba, ta miƙo na ƙara, ta shanye. Banɗaki yana nan taku biyar. Na san abin da take zato, kuma na san ba haka ba ne.

Mai tabarau ta durƙusa ta tambaye ta ko tana alfahari da ɗanta. Inna ta ce sosai, tun yana ƙarami ba ya iya ganin ana cutar wani. Sannan matar ta ɗago ta dube ni, ina tsaye da faranti. Ta ce ke fa ƙanwata, ke da kike cikin gidan, akwai abin da za ki ƙara mana?

Maganar tana bakina. Ku zo in nuna muku inda take kwana, shi ke nan abin da zan ce. Na ga mijina ya sunkuyar da kai. Na ji yatsun Inna sun kama gefen zanena sun ja ƙasa, a hankali, yadda nake yi wa Takwara in za ta taɓa wuta. Na ce babu, duk an faɗa.

Har yau in na tuna wannan babu ɗin sai abinci ya fita raina.

Motarsu na tashi Inna ta ce a ɗauko mata filonta da carbi, gadon ko zuwa yamma ne a kawo. Yaya ya tsuguna a gabanta, ya ce Inna, saura ƙiris. Sun ce mai hoto zai iya dawowa, kuma bikin ba da lambar sati uku ne kacal. Ba daɗi a ce an zo an ga gado a ofis bayan duk wannan. Inna ta dube shi. Sannan ta ce to, ku ɗauke ni.

Da la'asar na sauka da abincinta na tarar da ita a zaune a matakala ta biyu. Kofi biyun nan ne. Ta yi ta kira, ina can ina wanke kofunan baƙi ban ji ba, ta taso da kanta, ba ta kai ba. Sabon zanen ya jiƙe. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in rufe ƙofa kada takwararta ta gani. Na wanke ta, na canza mata, na wanke matakalar. Duk tsawon lokacin fuskarta na kallon bango.

Daga ranar ko ruwan haɗiyar maganin ta daina sha. Na gwada kankana, na gwada shayi, na gwada roƙo, na gwada fushi. Na dawo da fo na ce ni zan riƙa fitarwa, ba wanda zai sani. Ta ce na gode, 'yata, ta juya baya. In na matsa mata sai ta jiƙa leɓe ta miƙo min kofin.

Na sake zuwa wurin Yaya sau biyu. Na farko yana gwajin jawabinsa, ya ce in bari ya gama. Na biyu tela ya kawo masa kayan biki. Na ce jikin Inna da zafi, kuma jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. Ya ce tsufa ne, kakarsu ma haka ta yi. Ya ba da kuɗi a sayo maganin zazzaɓi, ya ce ranar Litinin, da an gama biki, shi da kansa zai kai ta babban asibiti. Anti ta ƙara da cewa in aka kwantar da ita yanzu hankalin kowa zai rabu biyu, mutum ya yi shekara shida yana aiki, a bar shi ya ci ranarsa ɗaya.

Ranar Asabar suka fita tun ƙarfe tara, gida ya cika da ƙamshin turare. Mijina ya tsaya a ƙofa yana juya makullin babur a hannu, ya ce in kira shi in wani abu ya faru. Na ce abin ai ya riga ya faru. Ya tafi.

Na sauka na tarar Inna tana magana da bango. Tun jiya da safe ba ta yi fitsari ba. Ban kira kowa a cikinsu ba. Na goya Takwara, na fita titi ba ko takalmi, na kira mai kitso da mai ɗinki. Su biyu suka tsaya a saman matakala suka leƙa. Mai kitso ta cire mayafinta ta ɗaura a ƙugu. Mu uku muka ɗauko ta a cikin bargo. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

A asibiti, likitan matashi ne, ya ja fatar hannunta kamar yadda na yi, ya dubi sakamakon gwaji, ya dube ni. Ya ce ƙodarta ta taɓu, ga ciwon mafitsara ya shiga jini. Ya tambaya ko ba mu da ruwa a gida ne. Na ce muna da famfo biyu.

Ana sa mata ƙarin ruwa wayata ta yi ƙara. Mijina ne ya turo bidiyo. Yaya a kan dandamali, riƙe da lambar gilashi, fitilu a kansa. Ya ce wannan lamba ta mahaifiyarsa ce. Ya ce muddin yana numfashi, ba za a sake fitar da wata uwa daga ɗakinta ba a unguwarmu. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi. A ƙasan bidiyon mijina ya rubuta, mun ci. Na ɗauki hoton hannun Inna da allura a jiki na tura masa.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti. A kwana na uku na dawo gida da rana, na kira matan nan biyu, muka fitar da tebur da kujeru da kafet muka jera a tsakar gida. Muka kwance gado muka hau da shi matakala uku muka ɗaura a inda yake. Na cire hoton na mayar da carbi a ƙusarsa. Ban nemi izinin kowa ba. Anti tana kallo daga ƙofarta, ba ta ce amarya ba.

Yaya ya shigo ya tarar da teburinsa a rana. Idonsa ya faɗa, don tun ranar bikin yake zarya asibiti, kuma na ga kukansa a bakin gadonta, kukan gaske. Ya dubi tebur, ya dube ni.

"Da kin faɗa min abin ya kai haka."

"Na faɗa, Yaya. Sau uku a ofis, a durƙushe."

Ya ɗauki kujera ɗaya ya nufi bayan gida.

Inna ta dawo da robar fitsari a jikinta. Likita ya ce wataƙila a cire, wataƙila ba za a cire ba. Gadonta na bakin taga, banɗaki taku biyar, amma ba ta iya taka ko ɗaya. Mata na leƙowa su gaishe ta, ta ɗaga musu yatsu daga kwance. Wani lokaci ta gane su. Ruwa yanzu da cokali nake ba ta, Takwara na riƙe da kofin tana cewa ha, kamar yadda ake yi mata. Ranar da Yaya ya kawo mata lambar ta shafa gilashin, ta ce ya yi kyau, a ajiye inda baƙi za su gani.

Ofis ya koma cikin ɗakin ajiya. A ranar farko wata baƙuwa mai juna biyu ta kusa faɗuwa a matakala, wani ɗan jarida kuma ya ce duhu ya yi yawa, hoto ba zai fito ba. Washegari Yaya ya kira magini. Aka fasa bango aka fitar da taga babba. Aka cike matakalar aka yi gangara mai sauƙin hawa, da ƙarfen dafawa a gefe. Aka ja bututu aka yi ɗan banɗaki a lungun da keke yake, saboda baƙi.

Ina shanya zannuwan Inna na tambayi maginin kwana nawa aikin zai ci. Ya goge hannu a wando, ya ce wannan ai ba wani aiki ba ne, Hajiya. Kwana biyu.